Kawu da Rijiyar Kajiji

Ranar da Kawu ya rasu, matan garinmu ba su ja ruwa ba sai bayan la'asar. Babu wanda ya hana su. Sun fita da tulunansu kamar kullum, labari ya iske su a bakin rijiya, suka ajiye guga a ƙasa suka zauna. Wata tsohuwa a cikinsu ta gaya mini hannunta ne ya ƙi kama igiya, don tana budurwa aka haƙa rijiyar, kuma da idonta ta ga Kawu ranar da ya fito daga ciki da laka har wuya yana dariya.

Kashegari mutane suka fara isowa daga nesa. Manoman albasa suka zo daga Dandin Mahe a kan jakuna. Makiyaya suka zo daga wajen Kajiji a ƙasa, suka jingine sandunansu a bangon zaure suka zauna. Da aka shafa fatiha, wani dattijo a cikin manoman ya ce, "Ni fuskarshi ban riƙe ta sosai ba. Tsakar kanshi nis sani, don kullum daga bisa nika hangenshi." Wasu suka yi murmushi, wasu suka share ido.

Inna, mahaifiyata, ita ce yayar Kawu. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk matar da ta shigo gaisuwa, magana ɗaya take gaya mata: "Ni nig goye shi. Shi ya kamata shi rufe ni."

A zaure kuwa sai da aka ɗan yi gardama ƙasa-ƙasa. Wani ya ce duk ƙasar Bodinga da Shagari ba a yi malamin rijiya kamar Kawu ba. Sai wani mutum, wanda ya taɓa bin Kawu rani guda ya gudu, ya ce, "Allah shi gafarta mashi, amma ni bai koya mani komi ba. Tambaya ɗai shika yi." Aka yi masa ca. Ni dai ban sa baki ba, don na san mutumin bai yi ƙarya ba, kuma wanda ya yi yabon ma bai yi ba.

Wannan gardamar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Rijiyoyin da hukumar En'e take yi yanzu ana rubuta musu shekara a kan siminti tun yana ɗanye. Na Kawu babu rubutu a bakinsu. In ba a faɗa ba, yaran da ke shan ruwansu za su girma ba su san an yi wani mutum da ya sauka cikin duhu dominsu ba.

Mu uku muka koyi aiki a hannunsa har muka iya: ni, da Yaya, wato wana ɗan farin Inna, da ɗan Kawu na cikinsa, taubashina, wanda zan riƙa ce wa Taubashi, don ban taɓa kiransa da sunan kirki ba sai na tsokana. Mun fara bin sa muna samari, a shekarun da ake kwasar matasa aikin hanyar Bature. Mai gari yakan ƙyale masu haƙa rijiya, shi ya sa Inna ta tasa ƙeyarmu ni da Yaya ta kai wa ƙanenta.

Kawu gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsun ƙafarsa a warwatse saboda hawa da sauka a matakan bangon rijiya. In ya fara haƙa ba ya cin goro sai an ga ruwa, duk da son da yake yi masa. Kowane kwandon ƙasa aka jawo sai ya ɗebi kaɗan ya murza, ya sansana, wani lokacin ya ɗora a harshe. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In ransa ya ɓaci sai ya tashi ya je yana duba igiya, kamu bayan kamu, mu kuwa mu shiga taitayinmu.

Da farko ƙananan rijiyoyin fadama muke yi wa masu albasa, waɗanda ƙasarsu ke da laushi. Can muka ɗauka mun iya aiki. Sai wani rani aka kira Kawu wani ƙauye gabas da Bodinga, muka yi nisa da haƙa, muka ci karo da marmara, wannan jan dutsen da dagi ke tsalle a kansa. Kawu ya leƙa, ya ce, "To, ga ku ga ta." Ya koma gindin wata tsamiya ya zauna yana tufka igiya.

Yaya ya fara sauka. A rijiyar da muka gama kafin wannan ya taɓa haɗuwa da marmara marar kauri, ya fasa ta da ƙarfin tsiya, mutane suka yi ta yabonsa. Don haka ya ɗauki dagi ya hau sara tun hantsi, bai fito ba sai da tafin hannunsa ya fashe. Taubashi ya karɓe shi. Ya sa aka zuba ruwa wai dutsen ya jiƙa. Kafin ruwan ya shige ya ce a miƙo masa gatari. Ya ajiye gatari ya ce a kawo kara a hura wuta. Wutar ba ta gama kamawa ba ya ce a kashe, zai gwada ta gefe. Ni kuwa ina riƙe da igiya a sama, idona yana kan fuskar Kawu, ina jiran ya ɗaga gira in gane abin da yake so.

Da yamma muna cin tuwo ya dubi Yaya.

"Mi kag gwada yau?"

"Dagi, Kawu."

"Bayan shi fa?"

"Dagi."

"Tsakanin safe da yanzu, dutsen ya ragu?"

Yaya ya ce bai ragu ba, amma ai da dagi ya fasa na waccan rijiyar.

Kawu ya ce, "Waccan rijiyar tana can inda kab bar ta."

Ya juya kan ɗansa. Taubashi ya jero duk abin da ya yi, yana jin daɗin yawansu, ya ce duk sun ƙi.

"Da kak kashe wutar, ka taɓa dutsen da hannu?"

"A'a, Baba."

"To ba su ƙi ba. Kai ne ba ka tsaya ka ji abin da za su ce ba."

Da ya zo kaina na ce ni ina jiran ya faɗi ne in yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "In kana ƙasa ina bisa, haske yana bayana. Fuskata ba za ka gan ta ba."

Mun kwana muna zaton da safe zai gaya mana yadda ake yi. Bai gaya mana ba. Sharaɗi ya kafa wa kowa. Yaya, kafin ya ɗaga dagi, sai ya ja layi da gawayi a bango ya ce zai kai nan kafin azahar, in bai kai ba ya ajiye dagin ko da yana jin saura kaɗan. Taubashi ba zai bar wata dabara ba sai ya fito ya faɗa da bakinsa dalilin da ya sa ta ƙi. Ni kuma ba zan sake yi masa tambaya ba sai na fara faɗin abin da zan yi in da ba ya nan.

Azahar ta yi Yaya bai kai layinsa ba. Ya fito yana huci kamar an ƙwace masa gona. Taubashi ya koma kan wuta, da yake yanzu ba shi da ikon barinta, ya zauna ya jira. Muka tara itace aka ƙona a kan dutsen har ya yi jawur. Ni na ce a bari hayaƙi ya fita sarai kafin kowa ya sauka, kuma a kwara ruwan sanyi daga sama tun dutsen yana da zafi, don na taɓa ganin tukunyar Inna ta tsage a haka. Muna kwarawa muka ji ƙara daga ƙasa. Da Yaya ya sauka ya tarar da tsaga ko'ina, ya sa bakin dagi a ciki, dutsen ya riƙa ɓallewa.

Daga baya na gano Kawu ya san wannan tun kafin a haife mu. Na tambaye shi me ya sa ya bar mu muka ɓata lokaci, ga mutanen ƙauye suna jiran ruwa. Ya ce, "Da na faɗi, da kun riƙe wuta kamar yadda wanka ya riƙe dagi. Kowane dutse kunka gani sai ku ce a kawo itace."

Haka yake. Yadda yake murza ƙasa ya gane ta, haka yake kallon mai koyo. Bai damu sosai da ko ka ci nasara ba. Abin da yake so ya sani shi ne me ya sa ka zaɓi wannan hanyar, kuma yaushe za ka yarda ka sake ta. Yakan ce dabarar da ta fara yi wa mutum aiki ita ce ke wahalar da shi daga baya, don yakan so ta fiye da kima. Yakan kuma ce akwai mai canza dabara don ya gaji, akwai mai canzawa don ya gane, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Ba kowa ke jure wannan ba. Samari da yawa sun zo sun tafi, wasu da fushi. Mutum ya zo neman a nuna masa, a ce masa me ya gani.

Sai rijiyar Kajiji.

Makiyaya ne suka roƙe shi, don da rani shanunsu na shan wahalar tafiya neman ruwa. A lokacin gwiwoyin Kawu sun fara ciwo, ya daina sauka, mu ke shiga yana sama. Ƙasar wurin yashi ce, muna haƙa muna ɗaure bango da itace kamar yadda aka saba. Ranar da abin ya faru mun kusa ruwa, yashin da ke fitowa duk a jiƙe. Yaya ne a ƙasa. Rana ta take tsaka muka ji wani sauti kamar an juye buhun gero, sannan muka ji muryarsa yana salati.

Bangon da ke ƙasa da itacen ƙarshe ne ya zube. Yashi ya rufe shi har ƙirji.

Na ɗaura igiya a ƙugu aka zura ni. Na tarar da hannuwansa a waje, idonsa a buɗe, numfashi yana yi masa wuya. Na hau kwasar yashi da ƙwarya ina zubawa a kwando. Duk ƙwaryar da na kwasa, wata ta gangaro daga gefe ta cike gurbin, har da ƙari. Makiyayan da suka taru a sama suka ce a ɗaura masa igiya a ja. Na ɗaura a hammatarsa, suka ja. Yaya ya yi wata ƙara da har yau nake jin ta, don yashin ya riƙe ƙafafunsa gam, jan yana neman raba shi biyu. Na ce su saki. Na koma kwasa. Yashi ya kai masa kafaɗa.

Na ɗaga kai. Ban ga komai ba sai baƙin kan mutum a cikin da'irar haske. Kawu ne ya kwanta rubda ciki a bakin rijiyar.

"Kawu, mi za ni yi?"

"Mi kag gwada?"

Wallahi a ranar na ji kamar in hau in shaƙe shi. Na ce, "Kwasa da ja. Kawu, ba lokacin karatu ba ne."

"Kwasar tana rage shi ko tana ƙara shi?"

"Tana ƙarawa."

"To bari. Aje ƙwaryar. Tsaya bayanshi ka tokare bangon da gadon bayanka, kada ka motsa."

Ban taɓa yin abu mai wuya kamar ajiye ƙwaryar nan ba. Ɗan'uwanka yana nutsewa a gabanka, a ce ka daina haƙa. Amma na ajiye, na tokare, yashin ya lafa. Daga sama na ji Kawu yana ce wa mutane kowa ya faɗi abin da ya taɓa gani, komai ƙanƙantarsa. Wani ya ce a haƙa wani rami a gefe a ɓullo. Kawu ya ce kafin a kai, yashi ya gama. Wani ya ce a zura ƙyauren ɗaki. Kawu ya ce ƙyaure gefe ɗaya zai tare. Aka nemi Taubashi aka rasa. Har na ji wani yana cewa yaron ya tsorata ya gudu.

Bai gudu ba. Akwai sansanin masu aikin hanya ba nisa, inda ya taɓa ganin gangunan ƙarfe da suke tara ruwa a ciki. Sai ga shi yana gangaro da ɗaya, wasu leburori biyu na biye da shi da guduma da kurfi. Kafin ya taɓa komai ya tsaya gaban ubansa yana haki, ya ce, "Baba, kwasa ta ƙi don gefe a buɗe yake. In munka cire ma gangar gindi da kai, munka kifa mashi, yashin waje ba shi da hanya. Sai a kwashe na ciki."

Kawu ya ce, "Ku fasa."

Suka cire gindin da kan, suka dandaƙe bakin don kada ya yanke shi, aka zuro ta a hankali. Na sa Yaya ya ɗaga hannuwansa sama, na saka masa ita kamar riga. Wurin ya yi ƙunci, hannuna ba ya shiga, don haka shi da kansa ya riƙa kwasar yashin da ke jikinsa da ƙaramin ƙoƙo yana miƙo mini, ni kuma ina tsaye a kan bakin gangar da ƙafafuna. Yana kwasa, nauyina yana danna ta, tana nutsewa kaɗan-kaɗan. Ƙirjinsa ya fito, ya ja numfashi mai tsawo. Ƙugunsa ya fito. Da gwiwoyinsa suka saku aka ja igiya, ya fita kamar an zare shi daga kube.

Da na fito na tarar da Yaya kwance a inuwa ana ba shi nono, makiyaya sun kewaye shi suna hamdala. Kawu yana zaune a ƙasa, ƙirjin rigarsa duk yashi. Ya kira ɗansa.

"Ina kag ga wanga?"

Taubashi ya ce, "Wurin mata, Baba. Da rani in gulbi ya ƙafe, sukan kafa tulu marar gindi cikin yashi su kwashe na ciki, ruwa shi taru."

Kawu ya ce, "Tun ina yaro nika wuce su."

Labari ya riga mu isa gida, kuma ya isa da ƙari. An gaya wa Inna cewa ɗanta yana cikin ƙasa ƙanenta yana kwance a sama yana yi wa yara tambayoyi. Inna mace ce mai kara. Tunda ta haifi Yaya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta aiki wata ta duba shi. Ranar ta yafa mayafi ta tafi gidan Kawu, na bi ta a baya. Ta tsaya a tsakar gida ko sallama ba ta gama ba.

"Ashe yaron da nib ba ka allo ne? Yana mutuwa kana karatu a kanshi?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ka san abin yi kab ɓoye, don a ce kai mai hikima ne. Tun kana ƙarami haka kake, a tambaye ka ina akuya ka ce ina aka zato."

Ta juya ta fita. Daga ranar ta daina yi masa magana. Ya aiko da goro ta mayar. Ya zo gaisuwa ta shige ɗaki. Haka aka yi har ruwa ya sauka aka yi shuka. Wata safiya ya same ta a gona tana noma, ina gefe, ya durƙusa a kan kunyar gero kamar ƙaramin yaro, da gwiwoyin nan nasa masu ciwo.

"Yaya, ki saurare ni ko sau ɗaya. Ranar nan ban ɓoye komi ba. Ban sani ba. Duk abin da nis sani na auna shi ina kwance, na ga kowanne kashe shi zai yi. Abin da yar rage mani shi ne in hana su yin wanda ba ya yi, ko Allah shi kawo wanda zai yi ta bakin wani."

Inna ta dogara da hauya tana kallonsa. Duk watannin nan ni ma na ɗauka gwada mu yake yi. Ashe mutumin da ke kwance a bakin rijiyar nan babu komai a hannunsa, ɗan yayarsa yana nutsewa a gabansa, amma bai ce a ci gaba da kwasa don a ga ana wani abu ba, bai kuma yi ƙaryar sani ba.

Inna ta ce, "Tashi, kana taka mani gero." Da yamma ta aika masa da fura.

Yaya ya warke a jiki, amma bai sake iya sauka ba. In ya sa ƙafa a matakin farko sai gumi ya karyo masa, jikinsa ya ɗauki ɓari. Ya gwada ya gwada, irin halinsa, abin ya ƙi. Samari suka fara yi masa dariya a bayan ido, shi kuma ya fara maganar tafiya cin rani kudu. Wata ranar kasuwa a Bodinga, a rumfar da masu neman a yi musu rijiya ke samun Kawu, sai Kawun ya ɗebi ƙasar da wani ya kawo a ƙyalle, ya kai ta kusa da ido, ya yi nesa da ita, ya ce, "Idona ya fara yaudarata." Ya miƙa wa Yaya a gaban kowa. "Duba mani. Daga yau kai ka zama bisa, kai ka faɗin abin da kwando yak kawo. Wanda ƙasa ta taɓa riƙewa ya fi mu saninta." A lokacin idon Kawu lafiya lau yake, yana zura zare a allura. Yaya ya zama mai karanta ƙasa, kuma yau babu kamarsa a wannan yanki. Kafin ya yarda kowa ya sauka sai ya ja layinsa na gawayi.

Bayan wasu shekaru En'e ta kawo masu yin rijiyar siminti. Suna zuba zobba masu faɗi, su ɗora ɗaya kan ɗaya, mutum yana haƙa a ciki zobban suna nutsewa da nauyinsu. Tsofaffin mahaƙa suka ce wannan aikin ragwaye ne, wasu suka ce ruwan siminti ba ya daɗi. Kawu ya je Shagari ya tsaya yini guda yana kallo. Ya dawo ya ce wa Taubashi, "Gangarka ce, sun yi ta da dutse." Kashegari ya koma ya roƙi shugaban aikin, wani yaro sa'an ɗansa, ya ɗauke shi lebura. Yaron ya ji kunya ya ce, "Baba, ai mu ya kamata mu zo wurinka." Kawu ya ce, "Za ku zo in kun iske marmara. Yau ni ke da tambaya." Ya yi rani guda yana kwaɓa siminti da furfurarsa, yana cewa a sake nuna masa in bai gane ba. Abokan sana'arsa suka ce ya zubar musu da girma, har wani ya daina gaishe shi. Abin da ya ce mana kawai shi ne itace yana da wurinsa, zobe yana da wurinsa, amma a yashi ba zai sake sa ɗan kowa a ƙarƙashin itace ba.

A ƙarshen rayuwarsa idon ya tafi da gaske, ƙafa ma ta ƙi. Ranin nan da ya wuce ina wata rijiya mai zurfi a wajen Dandin Mahe, muka haɗu da mugunyar iska, irin wadda in ka zura fitila sai ta mutu. Yadda ya koya mana shi ne a ɗaura reshe mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta motsa. Na yi, fitila ta ci gaba da mutuwa. Na ba abin lokacinsa, na tabbata zurfin ne ya fi ƙarfin reshe, na bari. Sai na aro zugazugin maƙeri, na tattaro tsofaffin robobin cikin tayar keke a wurin masu gyara, muka yanka muka haɗa su baki da baki har suka kai ƙasa. Muka yi ta zuga. Da muka sake zura fitila ta sauka da wutarta.

Na je gaishe shi ranar Juma'a na ba shi labari. Yana kwance a kan tabarma, Inna na zaune gefensa tana yi masa fifita. Ya sa aka tashe shi zaune.

"Robar ba ta lanƙwashewa ta toshe?"

Na ce iskar ce ke buɗe ta.

"Inda kunka haɗa fa, ba ya zuba?"

Na ce mun ɗaure da zare mun shafa ƙaro.

"Sake faɗa mani tun daga farko. A hankali, ina son in riƙe."

Inna ta ce, "Kai da ko ƙofar gida ba ka kaiwa, mi za ka yi da shi?"

Ya ce mata, "Jiya ban san shi ba, Yaya."

Bai bar ni ba sai da na yi alkawarin kawo masa kayan. Na ɗauko su a kan jaki na shimfiɗa robar a tsakar gida, daga zaure har bakin tabarmarsa. Yaya ya zauna a zaure yana zuga, Taubashi yana bin robar yana gyara inda ta murɗe. Na kama hannun Kawu na ɗora a bakinta. Da iskar ta iso tafinsa sai ya ɗan zabura, sannan ya matso da robar kusa da fuskarsa, iska tana kaɗa gemunsa. Ya yi ta dariya marar sauti, hawaye na bin kuncinsa.

"Ka ce ma wanka shi ƙara," in ji shi.

Yaya ya yi ta zuga har aka kira la'asar. Juma'ar da ta biyo baya muka kai shi makwancinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa kowane kurɓi da mutum ko dabba ya sha a rijiyoyinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ya sha wuyar neman ruwa domin mutane, Allah ya shayar da shi ruwan da ba a haƙawa.